Agwagwa ko dinya? Yadda awon ɗan ƙashi ke tona tarihin gaɓar Tafkin Chadi

A ƙarshen zangon karatun bara na kai ɗalibaina Gaoui, ƙauyen Kotoko da ke kimanin kilomita 10 arewa maso gabas da N'Djamena, don su ga tsohon gidan sarki da aka mayar gidan tarihi, da manyan randunan mutanen Sao. Muna hanyar komawa mota sai wata yarinya 'yar shekara 14 ta tsuguna a bakin wani kwazazzabo da ruwan damina ya zaizaye, ta ɗago wani ɗan ƙashi siriri mai kogo a ciki, bai kai tsawon yatsa ba. Ta ce, "Malam, wannan na kaza ne ko na agwagwa?" Na ce mata na agwagwa ne, da irin ƙarfin halin da malami ke yi idan ba ya son aji ya gane an ƙure shi. Ta mayar da shi inda ta ɗauka, muka wuce.

Ko da a ce na dace, amsar ba ta cika ba. Kalmar agwagwa buhu ce mai faɗi, abin da ke cikinta yana da yawa. Ga mai binciken kufai, ɗan ƙashin nan ba ya fara magana sai an san wace agwagwa ce. Wata za ta faɗa maka a wane lokaci na shekara aka ci ta. Wata za ta faɗa maka irin ruwan da ke kusa da gari a zamanin. Wata kuma, idan aka same ta, za ta ce maka ƙasar da take kwance a ciki ba ta kai shekara 500 ba. Hanyar da aka fi dogara da ita wajen rarrabe su kuwa ba wata na'ura ce mai tsada ba. Ma'auni ne irin na makanike, da haƙuri.

Agwagin da ke wannan yanki

Wanda ya taɓa zama a bakin Shari ko Logon da yamma ya san ƙirinjijiya, mai farar fuska, wadda ke wucewa garke-garke tana fito. Nauyinta bai cika kai kilo guda ba. Tana da 'yar'uwa mai launin ƙasa-ƙasa, girmansu kusan ɗaya. Akwai dinya, babbar cikinsu, wadda namijinta kan kai kilo 6 ko fiye, mai ƙaho kamar ƙaya a gwiwar fiffike. Akwai agwagwar daji mai ƙullutu a kan baki, wadda Faransawa ke kira canard à bosse. Namiji ne ke da ƙullutun, kuma ya fi macen girma nesa ba kusa ba. Akwai dinyar Masar mai zoben duhu a ido. Duk waɗannan 'yan gida ne, a Afirka suke ƙwai, yawanci da damina.

Sai baƙi. Daga watan Satumba zuwa Oktoba ƙananan agwagi na tasowa daga Turai da Rasha, su ƙetare hamadar Sahara su sauka a Tafkin Chadi, da Tafkin Fitri, da fadamun Logon, da fadamun Hadeja da Nguru a Najeriya, da fadamar kogin Neja a Mali. Fitattu cikinsu su ne sarcelle d'été, wadda ba ta cika wuce rabin kilo ba, da canard pilet mai dogon wuya da tsinin wutsiya. Suna cin hunturu a nan, Maris ko Afrilu su juya arewa. Ba sa yin ƙwai a ƙasarmu.

Ta ƙarshe ita ce wadda kowa ya sani, agwagwar gida mai jan nama a fuska, wadda ke yawo a kwatamin unguwa ana sayar da ita a kasuwar Dembe. Yawancinmu mun ɗauka tun fil'azal tana nan. Ba haka ba ne. Asalinta Kudancin Amurka, can aka fara kiwonta, kuma ba ta tako Afirka ba sai bayan shekarar 1500, lokacin da jiragen ruwan Turawan Fotugal suka haɗa gaɓar tekun biyu. Daga bakin teku ta biyo hanyoyin fatauci ta hauro arewa. Tafiyarsu ɗaya ke nan da masara da rogo da taba.

To, ka ga abin da ke cikin buhun. Idan ƙashin da ɗalibata ta ɗauka na sarcelle ne, tsuntsuwar ta mutu tsakanin kaka da farkon bazara. Idan na agwagwar gida ne, shimfiɗar ƙasar da ya fito ba ta girmi ƙarni na 16 ba, kamar dai yadda masu tono a wannan yanki ke kallon lofen shan taba a matsayin shaidar cewa sun shigo ƙarnonin baya-bayan nan. Idan kuma na irin agwagin nan ne masu nutso, ana iya zaton akwai ruwa mai ɗan zurfi a kusa, ba tabkin da ke ƙafewa da an shiga Disamba ba.

Matsalar ita ce gashi da launi da kuka, waɗanda mafarauci ke gane tsuntsu da su, ba sa zama a ƙasa. Ƙashi kaɗai ke saura, shi ma a karye. Kuma cikin duk tsuntsayen da ake samu a juji, dangin agwagwa na cikin masu wuyar rarrabewa, domin ƙirar jikinsu kusan ɗaya ce. Ka fige ƙirinjijiya da pilet ka dafa ka cinye, ka zube ƙasusuwan a faranti guda, mafaraucin da ya harbo su ma sai ya yi ta juya su.

Yadda ake awon

Aiki na farko ba awo ba ne, kallo ne. Mai bincike zai fara gane wane ƙashi ne a jikin tsuntsu, na dama ne ko na hagu. Ba kowane ne ke da amfani ba. Haƙarƙari da yatsu da ƙashin baya ba sa faɗin komai. Waɗanda ake so su ne dogayen ƙasusuwa: na damtsen fiffike, da biyun da ke biye da shi, da na ƙarshen fiffike, na cinya, da sangali, da dogon ƙashin da ke tsakanin sangali da yatsu, sai wani gajere mai ƙarfi da ke tokare kafaɗa da ƙirji, wanda saboda taurinsa yakan tsira a ƙasa fiye da saura.

Ido kaɗai yana iya yanke wasu hukunce-hukunce. A kan ƙashin damtse, wajen kafaɗa, akwai wani ɗan rami. A jikin agwagin da ke kiwo a saman ruwa suna dulmiya kai kawai, irin su pilet da sarcelle, ramin a buɗe yake, ya zarce cikin kogon ƙashi, domin iska na shiga ta nan. A jikin masu nutso irin fuligule, ramin a toshe yake. Ƙahon fiffiken dinya kuwa a kan wani ɗan ƙashin wuyan fiffike yake tsirowa, wanda ya same shi ya gama bincike, babu wata tsuntsuwa a nan da ke da irinsa. Amma irin wannan sa'a ba kullum ba ce.

Daga nan sai ma'auni. Ƙarfe ne mai baki biyu, ɗaya na zamewa a kan ɗaya, irin wanda masu gyaran inji ke auna kaurin ƙusa da shi, pied à coulisse da Faransanci. Yana auna har kashi ɗaya cikin goma na milimita. Sai dai auna ƙashi ba kamar auna ƙusa ba ne. Ƙashi a lanƙwashe yake, yana da tudu da kwari. Idan ni na ɗora bakin ma'auni a nan, kai ka ɗora a can, lambobinmu ba za su taɓa haɗuwa ba. Wannan rikici ne wata malama a Jami'ar Munich ta ƙasar Jamus, Angela von den Driesch, ta kawo ƙarshensa. A 1976 gidan tarihi na Peabody da ke Jami'ar Harvard ya buga ɗan littafinta na ƙa'idojin auna ƙasusuwan dabbobin da aka tono, da zane-zane masu nuna daidai inda za a ɗora ma'auni a kan kowane ƙashi. Kowane awo ta ba shi gajeren suna: GL shi ne iyakar tsawo, Bp faɗin kan ƙashi na sama, Bd faɗin na ƙasa, SC kuma inda sandar ƙashin ta fi tsukewa. Har yau da waɗannan haruffa ake aiki. Abin da aka auna a N'Djamena, wanda ke Paris ko Ibadan zai karanta ya gane ba tare da ya taɓa ƙashin ba.

Ba kowane ƙashi ake aunawa ba. Wanda ya ƙone ana ajiye shi gefe, domin wuta na sa ƙashi ya tsuke. Na ɗan tsuntsun da bai gama girma ba, wanda ake ganewa da bakinsa mai huji-huji kamar soso, shi ma ba a sa shi a lissafi. Wanda ƙasa ta cinye gefensa haka. Abin da ya rage sau da yawa rabin ƙashi ne, kai ɗaya, shi ya sa awon faɗi ya fi awon tsawo yawan amfani.

Lamba ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an gwada ta da na tsuntsayen da aka san su. A nan aikin yake. Ana tara ƙasusuwan agwagin zamanin yau, waɗanda aka ga gashinsu aka tabbatar da irinsu da jinsinsu kafin a fige, a auna su da ƙa'ida ɗaya. Sai a ja layi biyu a takarda, na kwance na tsawo, na tsaye na faɗi, kowane ƙashi a ɗiga masa ɗigo a inda lambobinsa suka haɗu. Ɗigon kowane iri sai su taru wuri guda kamar garke. Daga nan a kawo ƙashin da aka tono, a ɗiga shi, a ga garken da ya faɗa.

Da garkunan a ware suke sarai, da aikin ya zama na 'yan firamare. Amma suna shiga juna, kuma babban dalili shi ne bambancin mace da namiji. Namijin babban iri da macen ƙaramin iri ba sa rikita kowa. Rikicin yana tsakiya: macen babban iri da namijin wanda ke biye da shi. Toron agwagwar gida yakan kusa ninka macensa a nauyi, ya kusanci macen dinya. Macen agwagwar gida kuma ta faɗo cikin girman namijin mai ƙullutu. Ka duba abin da ke rataye a nan: ɗaya tsuntsun daji ne da ke wannan ƙasa tun kafin a gina gari, ɗayan baƙo ne daga wata nahiya. Wanda ya rikita su zai iya rage wa kufai shekara dubu, ko ya ƙara masa.

Mafita ita ce a bar tambayar girma a koma tambayar ƙira. A raba faɗi da tsawo, a ga ko ƙashin siriri ne ko kakkaura. A ce ƙasusuwan ƙafa biyu faɗin kansu ɗaya, milimita 15, amma ɗaya tsawonsa 65, ɗayan 100. Na farko na tsuntsu ne gajere mai nauyi, na biyu na mai dogayen ƙafafu da ke taka ciyawar fadama. Lambobin misali ne kawai, amma haka bambancin yake: dinya da ƙirinjijiya dogayen ƙafafu gare su gwargwadon jikinsu, agwagwar gida kuwa gajera ce, ƙashinta a cure. A yau ana zuba awo huɗu ko biyar na ƙashi guda a kwamfuta, ta lissafa garken da ya fi kusa da shi, ta kuma faɗi ƙarfin zaton. A Turai an daɗe ana wannan aiki. Tun 1967 Elisabeth Woelfle ta rubuta kundinta a Munich a kan ƙasusuwan agwagin tsakiyar Turai, a 2018 kuma Ged Poland ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Sheffield ta Ingila a kan rarrabe agwagi da dinyoyi ta hanyar awo, ya gwada hanyar a kan kufan zamanin Rumawa.

Wani abin da ke burge ni shi ne tun kafin duk wannan, Charles Darwin ya ɗora ƙasusuwan agwagwar gida ta Turai da na 'yar'uwarta ta daji a sikeli. Ya tarar ta gida ƙasusuwan fiffikenta sun fi sauƙi, na ƙafarta sun fi nauyi, gwargwadon jiki. Tsuntsuwar da ta daina tashi ta koma tafiya, ƙashinta ya nuna. Masu neman sanin lokacin da aka fara kiwon agwagwa a wani wuri har yanzu irin wannan alama suke bi.

Akwai inda ma'auni ke tsayawa. Ƙirinjijiya mai farar fuska da 'yar'uwarta mai launin ƙasa sun yi kama ƙwarai a ƙashi, haka sarcelle d'été da wata ƙaramar 'yar'uwarta. A irin wannan hali mai gaskiya yakan rubuta sunan dangi ya tsaya nan. Ni a ganina rahoton da ya raɗa wa kowane guntun ƙashi cikakken suna shi ya fi cancanta a yi shakkarsa.

Wani zai ce, a wannan zamani me ya hana a yi gwajin ƙwayoyin halitta a huta? Ana yi. Akwai ma wata hanya da aka ɓullo da ita a Jami'ar York wajen 2009, mai karanta sinadarin da ke riƙe ƙashi. Amma zafi na lalata abin da waɗannan gwaje-gwaje ke nema, ƙasarmu kuwa ga zafin bazara ga jiƙa da bushewa kowace shekara. Ga tsada, ga kuma cewa sai an gutsuri ƙashin. Ma'auni bai cin komai, bai buƙatar lantarki, abin da duk mazaunin N'Djamena zai yaba.

Kafin mu bar jikin ƙashin, akwai wata shaida da ke cikinsa ba a bayansa ba. Macen tsuntsu idan ta kusa fara ƙwai takan tara wani farin ƙashi mai laushi a cikin kogon cinya da sangali, ajiyar da take ɗiba tana gina ɓawon ƙwai. Da ta gama ƙwai sai ya ɓace. Idan aka sami karyayyen ƙashin ƙirinjijiya cike da shi, an san mace ce, an kuma san da damina aka kama ta. Sarcelle na nuna rani, wannan na nuna damina. Idan aka same su duka a shimfiɗar ƙasa guda, hujja ta fara ƙarfi cewa mutanen wurin ba masu zuwa su koma ba ne. Na ce ta fara ƙarfi, domin mutanen tafki gwanayen banda ne, naman da aka ƙyafe yana iya kai wata da watanni, yana iya tafiya nesa.

Tuddan da ke kewaye da mu

Me ya sa tambayar rani da damina ke da nauyi a nan? Saboda irin ƙasar da muke kai. Kudancin tafki, daga Borno ta arewacin Kamaru har gabashin N'Djamena, fili ne na baƙar laka, wanda mutanen Borno ke kira firki, inda ake dasa masakwa, berbere a bakin mutanen Chadi. Da damina ruwa na shafe shi, da rani ya tsattsage. Mutanen da suka zauna a nan sun yi gini a kan 'yan tsibiran yashi, gini kan gini, juji kan juji, har wurin ya zama tudu. Tuddan nan su ne littafin tarihin yankin.

Jean-Paul Lebeuf ya fara tono su a 1936 tare da Marcel Griaule, ya kuma ci gaba shekaru da dama tare da matarsa Annie Masson Detourbet, suka sa ɗaruruwan tuddai a taswira. Mafi shahara a ɓangaren Chadi shi ne Mdaga, arewa da N'Djamena kaɗan, wanda aka tona daga 1960 zuwa 1968 aka buga rahotonsa a 1980. Mutane sun zauna a kansa kimanin shekara 2,000. A ɓangaren Najeriya Graham Connah ya tona Daima, kusa da iyakar Kamaru, a 1965 da 1966, ya ratsa ƙasar zama mai zurfin fiye da mita 10. Da yake babu dutse a firki, mutanen farko na Daima da ƙashi suka riƙa sassaƙa zago na kamun kifi. A ƙetaren Logon, bayan Kusseri, Augustin Holl ya yi shekaru yana aiki a Houlouf. A shekarun 1990 kuma masana daga Jami'ar Frankfurt da Jami'ar Maiduguri, cikinsu da Peter Breunig da Detlef Gronenborn, suka tona Gajiganna da Kursakata da Mege da Ngala. Zaman Gajiganna ya faro wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ƙasusuwan da wannan tawaga ta tono, masana daga Beljiyam ne suka tantance su, Wim Van Neer da ɗalibarsa Veerle Linseele, wadda a 2007 ta buga littafi a kan ƙasusuwan dabbobi na shekara 4,000 daga kufan Sahel, na arewacin Burkina Faso da na kudancin Tafkin Chadi. Daga irin wannan aiki aka san mutanen Gajiganna makiyayan shanu ne da tumaki da awaki, kuma suna cin tarwaɗa da gaiwa da ƙarfasa, kifayen ruwa marar zurfi. Wato inda yau ake ganin busasshiyar ƙasa, a lokacin akwai tabkuna a bakin gari. Kifi ne ya ɗauki mafi yawan wannan bayani, domin shi ya fi yawa a juji. Tsuntsayen ruwa kaɗan ne a gefensa, amma suna da abin da kifi ba shi da shi: wasunsu na zuwa su tafi a kan kalanda.

Irin wannan rikici na tantancewa ya taɓa faruwa da kaza. Ƙashinta ya yi kama da na zabo da na fakara, har ya zama ba a iya cewa ga lokacin da ta shigo Afirka ta Yamma. Sai a 1992 Kevin MacDonald ya fitar da alamomin rarrabe su, daga nan tarihin kaza a wannan yanki ya fara tsayuwa da ƙafarsa. Agwagwar gida irin wannan kulawa take buƙata. Ranar da aka tabbatar da ƙashinta a wata shimfiɗa mai sananniyar shekara a wani tudun Kotoko, an sami sabuwar shaida a kan lokacin da kayan bakin teku suka iso tafki, da kuma hanyoyin da fatake, cikinsu har da kakannin yawancin masu karanta wannan shafi, suka bi.

Chadi ma tana da nata suna a wannan fanni, ko da yake a zamani mai nisa ƙwarai. A Toros-Menalla cikin hamadar Djourab, inda aka tsinci ƙoƙon kan da aka raɗa wa Toumaï a 2001, an kuma tsinci ƙasusuwan tsuntsaye da suka zama dutse. A 2005 Antoine Louchart da abokan aikinsa, cikinsu da masana 'yan Chadi biyu, Andossa Likius da Hassane Taïsso Mackaye, suka bayyana wani sabon iri na dangin agwagwa daga can, babba, ɗan'uwan tsuntsun nan mai dogon wuya da Faransawa ke kira cygne. Suka sa masa Afrocygnus chauvireae. Shekarunsa wajen miliyan 7. Da kallo da awo da kwatance aka gane shi, hanya ɗaya da wadda na bayyana. Tsuntsun ruwa a tsakiyar rairayi, shaida ce cewa wurin ya taɓa zama bakin tafki.

Mu da muke zaune a nan ba ma buƙatar a gaya mana ruwan wannan yanki ba ya zama wuri ɗaya. A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. A tsakiyar shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba. A Oktoban 2022 kuma mutanen Walia da kwalekwale suka riƙa fita daga gidajensu, 2024 ruwa ya sake dawowa. Awon ruwa da aka rubuta a takarda bai wuce na shekara ɗari da 'yan kai ba. Wanda ke son sanin yadda mutane suka zauna da wannan kai-komo a ƙarnonin da suka gabata, yaushe suka tsaya, yaushe suka tashi, me suka ci da hatsi ya gaza, sai ya koma juji.

Rariya da akwati

Abu biyu ke yanke hukuncin ko za a iya wannan aiki. Na farko rariya. Masu tono na farko mutum-mutumin laka da tagulla da randunan binne gawa suke nema, kuma abin da ido ya gani hannu ya tsinta shi ake ɗauka. Ta haka ƙashin saniya zai shiga jaka, na sarcelle ya bi ƙasar da aka zubar. Sai an tankaɗe ƙasar da rariya mai ido milimita 2 ko kusa da haka kafin ƙananan tsuntsaye da kifaye su bayyana. Kuma tono ba ya maimaituwa. Abin da aka zubar ya tafi. Haka ma ƙashin da aka ɗauke daga shimfiɗarsa. Wanda ɗalibata ta tsinta a bakin kwazazzabo, ko da an gane irinsa, ruwa ya riga ya raba shi da shekararsa. Wannan ne asarar da masu haƙar ƙasar bulo da masu tonon dare don sayar da kayan Sao ke jawowa, ga kuma birnin da ke ta faɗaɗa yana hawa kan tuddai.

Na biyu shi ne akwatin kwatance. Manyan taskokin ƙasusuwan tsuntsayen Afirka suna Tervuren da Brussels a Beljiyam, da Paris, da Tring a Ingila. Tsuntsayen kuwa suna nan, suna wucewa ta saman gadar Chagoua kowace yamma. Haɗa irin wannan taska ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Tsuntsun da ya mutu, ko wanda jami'an gandun daji suka ƙwace, ko wanda mafarauci mai izini ya kawo, a ɗauki hotonsa da gashinsa, a rubuta iri da jinsi da nauyi da rana da wuri. A cire nama, a jiƙa sauran a ruwa har ya saki, a wanke, a shanya a inuwa, kowane ƙashi a rubuta masa lamba. Guda ɗaya ba ya isa. Tun da mace da namiji ne tushen rikicin, kowane iri ana son goma-goma ko fiye na kowane jinsi, kuma agwagwar gida a samo ta ƙauye, ba ta gonar zamani da aka cika da abinci ba. Aiki ne da ɗaliban jami'a biyu ko uku za su iya ɗauka na 'yan shekaru, a N'Djamena ko Maiduguri ko Marwa ko Diffa, su kuma buga lambobin kowa ya amfana.

Da muka dawo hutu na sayi toro da mace a Dembe, aka dafa a gida, na hana yara tauna ƙashi, abin da ya jawo mini ƙorafi har kwana biyu. Na ari ma'auni wurin wani mai gyaran babur a unguwarmu. A aji na raba ƙasusuwan damtse huɗu ga rukuni huɗu ba tare da na faɗi komai ba, kowa ya auna tsawo da faɗi ya rubuta a allo. Rukuni uku suka yanke cewa irin tsuntsu biyu ne daban, babba da ƙarami. Yarinyar nan ta Gaoui ce ta ɗaga hannu ta ce a raba faɗin da tsawon tukuna. Aka raba, lambobin huɗu suka fito kusa da juna.